Yaren da Aka Fitar Daga Bakin Khaula

Ina zaune a tsakar gidanmu a Safana ina ɓarar gyaɗar iri, gwaggona ta miƙo mini wayarta tana dariya, ta ce in kalli abin mamakin da ake yi a Batsari, wai an kama aljani ɗan China a jikin wata yarinya. Hoton bai fita sosai ba, hayaƙi ya cika ɗakin, mai ɗauka kuma hannunsa na rawa. Abin da na iya gani shi ne mata biyu sun danne wata a kan tabarma, wani dattijo ya tsuguna a kanta yana karatu da ƙarfi, yana tsula mata tsumagiya a kafaɗa. Can sai yarinyar ta buɗe baki. Mutanen ɗakin suka ɗauki salati, ni kuwa gyaɗar da ke cinyata ta zube ƙasa, domin na ji abin da take faɗa ɗaya bayan ɗaya.

Da Sinanci take cewa, "Sunana Khaula. Ni 'yar Najeriya ce. Mu huɗu ne a gidanmu. Babana malami ne, yana koyar da yara karatu."

Babu aljanin da ya san wannan magana, jawabin jarrabawarmu ne. Ni da Khaula ajinmu ɗaya a jami'a, ɗakin kwananmu ɗaya, muna karanta hulɗar ƙasa da ƙasa haɗe da harshen Sinanci. Malamarmu 'yar China ta ce bayan hutun Babbar Sallah kowa zai tsaya gabanta da baƙin da za su zo, ya yi bayanin gidansu da baki, kuma da wannan jarrabawar za a zaɓi 'yan ƙalilan da za a tura ƙasar Sin su yi shekara guda. Kowa a ajin ya san sunan da zai fara fita. Sinanci yare ne da murya ke hawa tana sauka a kan kowace kalma, mu muna ta fama kamar masu tuƙa keke cikin yashi, ita kuwa kunnenta ya kama tun shekarar farko. Takan ce ita burinta ɗaya, ranar da kamfanonin haƙar ma'adinai za su zauna da mutanenmu, a samu wadda ke jin abin da suke faɗa wa junansu ba sai ta bakin tafintansu ba.

Washegari na hau mashin zuwa Batsari, babana na ta faɗa don hanyar ba ta da tabbas. Gidan Malam Abdulkahar ba ya buƙatar kwatance, motocin a-kori-kura biyu na tarar a ƙofa, ɗaya ma daga garinmu ta zo. Malam Abdulkahar wan mahaifin Khaula ne, mai ruƙiyya ne da aka daɗe da sani. A gidansa Khaula da mahaifiyarta Inna Sauda da yayanta Ummaru suke zaune tun damanar bara, lokacin da 'yan bindiga suka shiga garinsu Ruma suka kashe mahaifinta a ƙofar makarantarsa. Ɗakuna biyu aka ba su a can ƙuryar gida, kusa da turken awaki.

Na ratsa layin mata masu riƙe da gorunan ruwan tofi, na sami Inna Sauda tana tankaɗe. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi mutanen gidanmu da hanya da damina, na amsa duka. Da na tambayi Khaula sai ta nuna mini ƙofa da haɓa, ba ta ɗago ido ba.

Khaula na zaune a kan tabarma ta jingina da bango. Ɗakin na warin hayaƙin magani har yana shaƙe mutum. Da ta gan ni ta yi murmushi, ta ce, "Kin ga bidiyon ke nan."

Na ce na gani.

Ta ce, "Muryoyin sun fita daidai? Ina jin na ɓata hawa da saukar murya a kan kalmar malami."

Na so in yi dariya don in faranta mata, kuka ya riga ni. Ita ce ta koma tana ba ni haƙuri, sannan ta gaya mini yadda abin ya fara. Bayan ɗakin nan take zama da la'asar tana maimaita jawabinta, duk sanda ta zo kan babanta sai ta kasa wucewa.

Ta ce, "Kin san a gidan nan ba a ambatonsa. Baffa ya ce an yi addu'ar arba'in, zance ya ƙare, mai kuka jayayya yake da ƙaddara. To ni ina kwance cikin gero na ji komai, Surayya. Na ji muryarsa yana cewa yara su gudu. Da Hausa an hana ni faɗa, sai na riƙa faɗa da Sinanci, tunda ba mai ji. Wata mai jiran magani ta zo wucewa ban-ɗaki, ta gan ni idona a rufe ina hawaye ina yare, ta koma layi da gudu. Kafin magariba an karɓe wayata."

Na ce, "Ba ki gaya masu karatunki ba ne?"

Ta ce, "Na faɗa. Baffa ya ce aljanin ne ya ɓuya bayan Hausa. Na yi shiru, ya ce mai taurin kai ne. Bulalar ba ta tsayawa sai na yi yaren, don shi mutane suka zo ji."

Ta janye mayafinta ta nuna mini kafaɗarta. Na mayar mata da mayafin.

Na fita na koma wajen Inna, na ce, "Inna, wallahi yaren makaranta ne. Ni ma shi nake karantawa."

Ba ta daina tankaɗen ba ta ce, "Ke dai ki yi mata addu'a, ɗiyata. Tun da muka baro Ruma ba ta barci, ba ta cin abincin kirki. Ko ba wannan ba ai akwai abin da ke damunta. Malam ya fi mu sani."

Ummaru na tarar a ƙofar gida yana goge mashin ɗin da yake kabu-kabu da shi. Shi ya taɓa kai wa Khaula kaya makaranta, ya zauna a bakin ajinmu ya ji muna maimaita kalmomi yana ta dariya. Na tuna masa da wannan. Ya duba hagu da dama kafin ya amsa.

Ya ce, "Na sani, Surayya. Amma mashin ɗin nan da kike gani na wane ne? Ɗakin da Inna ke kwana na wane ne? Shanunmu sun tafi, gonarmu ba mai iya zuwa. Ki bari kawai, in mutane sun gaji da kallo zai sake ta."

Na ce, "Jarrabawarta fa, Yaya Ummaru?"

Ya ce, "In da rabo za ta yi." Ya tada mashin ɗinsa ya bar ni tsaye.

Malam Abdulkahar bai ƙi ganina ba. Yana zaune a zaure a kan buzu, fari tas da shi, maganarsa a hankali, irin dattijon da in ka gan shi a hanya za ka so ka karɓar masa kaya. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Ai na san tana karanta yaren China, yarinya. Ni na sa mata albarka da za ta tafi. Ta nan ɗin ya shiga. Kowace ƙasa da aljanunta, in mutum ya ɗauki yaren mutane ya sa a bakinsa, ya buɗe masu ƙofa ke nan."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ma ina yin yaren, ga ni lafiyata lau."

Ya ce, "Allah shi ci gaba da tsare ki. Ki riƙe azkar na safe da maraice."

Na ce, "Jarrabawa gare ta bayan Sallah, in ta wuce ta ba ta dawowa."

Ya ce, "Ɗiyar ƙanena ce, amana ce a hannuna. Kina so in tura ta gari mai nisa da wanga abu a jikinta? In ya fita, ni da kaina zan sa a kai ta tasha."

Ni ba na jayayya da ayar Allah. Da tofin kakata na warke daga firgita ina yarinya, kuma na san malaman da ke karatu kan mara lafiya su tashi ba su karɓi ko ruwan sha ba. Amma ni 'yar Safana ce, na san abin da ba a faɗa a zauren nan. Tun bara wani matashin mai ruƙiyya ya buɗe waje a garinmu da lasifika, ya janye mutane har layin Malam Abdulkahar ya koma tsofaffi uku huɗu masu ciwon gwiwa. An ga aljani mai Fillanci, an ga mai Turanci, amma na China ba wanda ya taɓa gani, kuma a gidan Malam kaɗai ake samunsa. Yanzu motoci daga Safana suke ɗauko mutane zuwa Batsari.

Da la'asar aka fito da ita rumfar tsakar gida. Mata suka cika wajen, maza na leƙe ta zaure, wayoyi a sama. Aka zuba garin magani a garwashi aka kara mata a fuska, aka busa mata wani a hanci, Malam ya fara karatu. Da Hausa ta fara, tana cewa, "Baffa, ni ce, don Allah ka bari." Ya ce wa mutane kada su saurara, yaudara ce irin tasu, ya ɗaga tsumagiya. Sai da ta sauka sau da yawa sannan Khaula ta juya yare, wajen ya ɗauki kabbara. A wannan karon ba jawabin jarrabawa ta yi ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Inna, da ke take. Cewa take yi, Inna ni ce ɗiyarki, ki ce su daina, kafaɗata ta gaji."

Kowa ya juyo yana kallona. Inna Sauda na zaune a bakin rumfa, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuskarta, ta zuba wa ƙasa ido. Malam ya dube ni ba tare da fushi ba, sannan ya juya ga mutane.

Ya ce, "Kun gani ko? Har tafinta ya kirawo daga Safana."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi a'uziyya, matan da ke kusa da ni suka janye zannuwansu. Wata dattijuwa ta kama hannuna ta kai ni har waje, tana ce mini in nemi magani tun abin bai yi nisa ba.

Na buga duk ƙofar da na sani. Mai unguwarsu ya ce gidan malamai ne, shi ba ya shiga tsakanin uba da ɗiyarsa. Babana ya ce in cire bakina, mu 'yan kasuwa ne, ba mu ja da masu allo. Na kira malamarmu 'yar China na yi ta ƙoƙarin yi mata bayani, ta ɗauka zazzaɓi nake nufi, ta ce a gaishe da Khaula ta sha ruwa da yawa, amma ranar jarrabawa ba ta ɗaguwa domin baƙin daga nesa za su zo. Sallah ta zo ta wuce, bidiyon Khaula na ta ƙaruwa a wayoyin mutane, har yara a layinmu suna kwaikwayon muryarta in suna wasa.

Da na koma, niƙabi na sa, na riƙe gorar ruwa na bi layi kamar kowa, na sulale zuwa ƙuryar gida. Na daɗe a bakin ƙofa kafin in yarda ita ce. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo, bakin hancinta ya saɓule saboda garin da ake busa mata, an ɗaure mata babban yatsan ƙafa da zare wai don kada aljanin ya gudu ya dawo. Muryarta ta dushe, sai na matso sannan nake ji.

Ta ce, "Surayya, wani lokaci ina tambayar kaina ko gaskiyarsu ne. In na ji yaren yana tasowa a maƙogwarona sai tsoro ya kama ni, kamar ba ni ce zan yi maganar ba."

Na ce, "Ke ce. Tare muka koya, ni na riƙe miki littafi kina haddacewa."

Ta gyaɗa kai, sannan ta ce, "Kin tuna abin da aka koya mana kan ƙasar da aka ci da yaƙi? Ba ta tsayawa gardamar wa ke da gaskiya. Tana sa hannu a kan abin da aka rubuta mata, ta kwashi sauran mutanenta ta tafi. Baffa ba zai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kuma ba zai sake ni ba sai aljani ya fita a gaban jama'a. To zan ba shi aljani. Na ga yadda ake yi, kullum a gabana ake yi wa wasu."

Na ce ina tsoron abin. Ta ce ita ma, amma mako mai zuwa ake komawa makaranta, kuma ba ta ga wata hanya ba.

Ranar kasuwar Batsari ta zaɓa, don ta san ranar ce Malam ya fi son a cika. Ina cikin matan da niƙabina. Ana fara karatu ta sandare, ta juya ido, ta yi Sinanci mai tsawo, sannan ta maƙale murya ta koma wata irin Hausa ta baƙo. Malam ya gyara zama, fuskarsa ta washe. Duk tambayar da ya yi da amsarta a ciki, ita dai nata ta ce e.

"Daga ƙasar China ka zo?"

"E."

"A makaranta ka kama ta, ta cikin littafi?"

"E."

"Kai ka hana ta barci, kai ke sa ta kuka?"

A nan ta ɗan jinkirta, sannan ta ce, "E."

Malam ya kira aljanin zuwa Musulunci, ya karɓa, ya maimaita kalmar shahada da bakin yarinyar da ta sauke Alƙur'ani tun tana ƙarama. Mata suna kuka don daɗi. Aka kwance zaren ƙafarta, Malam ya ce ta nan zai fita, ta amsa. Na ji zuciyata ta fara kwanciya, na ce a raina an gama.

Sai Malam ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ya ce waɗannan halittu ba su da alƙawari, sukan fita yau su dawo gobe, shi kuwa ba ya aiki rabi. Ya aika ɗakinsa aka ɗauko wata gafaka ta fata da ta sha hannu. Ina ganin idon Khaula ya faɗa kanta na san ta gane ta. Alƙur'anin mahaifinta ne, wanda ya rubuta da hannunsa, shi kaɗai aka tsira da shi daga makarantarsa a Ruma. Malam ya sa aka yi mata alwala, ya kama hannunta ya ɗora a kai.

Ya ce, "Rantse da wanga Littafi, yaren nan ba zai sake fita daga wanga baki ba har abada."

Wannan ba ya cikin abin da ta shirya. Ta daina juya ido, ta daina maƙale murya, kowa da ke da ido ya ga Khaula ce zaune ba wani ba. Ta dubi Ummaru da ke tsaye a bakin zaure, ya kau da kai. Ta dubi Inna, Inna ta ce a hankali, "Ki faɗa, a huta." Malam na riƙe da hannunta a kan gafakar, tsumagiya na gefen gwiwarsa, mutane suna jira.

Da muryarta ta gaskiya ta rantse. Aka ce ta yi atishawa ta yi, gidan ya ɗauki kabbara har awaki suka firgita.

Malam ya cika alƙawarinsa, ya sa Ummaru ya kai ta tasha, har da ledar dabino ya ba ta. Muka koma makaranta tare. Khaula ɗiyar malamai ce, ta san hukunci fiye da ni. Ta san rantsuwar tilas ba ta hawa kan mutum, limamin masallacin makaranta ma ya tabbatar mata, duk da haka ta yi azumin kaffara uku don zuciyarta ta natsu. Tana karanta rubutun Sinanci ba gargada, tana rubutawa, in na yi magana tana nuna mini inda na kauce da yatsa. Amma duk sanda na ce ta faɗa da baki sai ta ce in bari muryarta ta gama warkewa.

A gaban aji aka yi jarrabawar. Malamarmu na zaune da baƙi biyu, da aka kira Khaula har ta juya tana gaya musu wani abu tana murmushi, na san yabonta take yi. Khaula ta fita ta tsaya. Malama ta gaishe ta, ta tambaye ta sunanta, tambayar da ɗan aji ɗaya ke amsawa yana barci.

Khaula ta buɗe baki. Na ga kafaɗunta sun ɗaga sun manne da wuyanta, hannunta na dama ya buɗe ya tsaya a iska kamar an ɗora shi a kan wani abu. Leɓɓanta na motsi, ba sauti. Malama ta maimaita tambayar a hankali, ɗaya daga cikin baƙin ya tura mata ruwa. Gumi ya jiƙa hijabinta. Can wani a bayan aji, wanda ya ga bidiyon, ya yi ƙaramar dariya, wani ya harare shi, amma ta riga ta ji.

Da Hausa ta ce, "Ku yi haƙuri." Ta fita.

Malama ta ba ta wata damar ita kaɗai a ofis, ba baƙi ba 'yan aji, aka sake yin haka. Aka tafi da waɗanda aka zaɓa. Karatunmu kuwa ba ya rabuwa, wanda ya faɗi ɓangaren yare ba ya wucewa da ɗayan, don haka kafin ƙarshen zango Khaula ta haɗa kayanta ta ce za ta je gida ta huta. Ba ta da wani gida sai na Malam Abdulkahar.

Da za a tambaye ni wa ya yi wannan, ba zan tsaya kan mai tsumagiya kaɗai ba. A gidan nan ba wanda ya jahilci gaskiya. Akwai wanda ya sani ya ga kasuwa, akwai wanda ya sani ya ga mashin, akwai masu zuwa kallo da suka biya kuɗin mota don su ji marainiya tana kuka da yaren da ba su sani ba. 'Yan bindiga sun kashe mata uba a rana ɗaya sun koma daji, kowa ya tsine musu. Abin da ya rage mata kuwa a cikin dangi aka karɓe shi, a hankali, da alwala, kuma har yau godiya ake yi wa wanda ya karɓa.

Bayan an yi girbi na sake zuwa Batsari. An ƙara rumfa ta biyu a tsakar gidan, an yi wa zaure fenti. Khaula na zaune a bakin ƙofar mata tana ɗura ruwan tofi a goruna, ta yi ƙiba kaɗan, ta gaishe ni da kyau, ta tambayi 'yan ajinmu da sunayensu. Ba mu taɓo zancen yaren ba. Duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata ita, a ce ga yarinyar nan da aka cire wa na China.

Da zan tafi Inna Sauda ta ɗauki mayafi ta ce za ta taka mini. Muka fita muka bi bayan gida, har muka wuce inda mutane suke.

Ta ce, "Abin da kika faɗa rannan a rumfa, ba sai kin fassara mani ba, ɗiyata. Ni na haife ta. Tun shekararta ta farko in ta zo hutu Ruma take yi mani yaren nan muna surfe, babanta na sa ta ƙirga kaji da shi muna dariya. Tun ranar farko na sani."

Na tsaya. Na ce, "To Inna, me ya sa?"

Ta ce, "Ina za mu? Ruma?"

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Da can in ta zauna bayan ɗaki ina jin ta daga madafa, na san da babanta take, sai in ji kamar ni ma an faɗa mani nawa. Har yanzu tana zama wajen da la'asar. Ina leƙa ta. Bakinta na motsi, ba abin da ke fita."

Daga cikin gida muka jiyo muryar Malam yana cewa a kira Khaula, ga wasu baƙi daga nesa suna so su gan ta. Inna ta ce in gaida mutanen gida, ta juya da sauri, don ita ce ke kamo hannunta ta kai ta rumfa.